AN BUƊE GIDAJEN WASA DA OTAL-OTAL, YAUSHE ZA A BUƊE GONAKIN WANKE?

  

Hausawa na cewa ranar wanka ba a ɓoyon cibi. To, annobar korona da ta ɓulla a birnin Wuhan na ƙasar Sin a ƙarshen 2019 ta zame wa masu riƙe da akalar duniya ranar wanka. A lokacin da ake rufe ƙofofi kowa a tsorace yake, mai kuɗi da talaka, sarki da bafade, don haka ba a gane komai ba. Sai da aka zo buɗewa asiri ya tonu. Duk mai son ya san abin da mutum ya fi ƙauna a cikin gidansa, ya tsaya ya ga abin da zai fara ɗaukowa in gobara ta tashi. Haka nan duk mai son ya san abin da hukuma ta fi ɗauka da muhimmanci, ya duba ƙofar da ta fara buɗewa bayan kulle, da kuma wadda ta bari a garƙame har ta manta inda ta jefa mabuɗin.

Wannan magana ta shafi matashin Wanke kai tsaye, shi da 'yan uwansa na ƙasashen Tsafe da Bunguɗu da sauran ƙauyukan da ke kewaye da Gusau. Matashin nan yana da waya a hannu. A cikinta ya ga hotunan 'ya'yan manya suna hawan lilo a Dubai, suna iyo a kududdufan otal, suna ɗaukar hoto da takunkumi a rataye a haɓa, a daidai lokacin da shi aka ce masa ya zauna a gida. Daga nan sai zuciya ta raya wa wasu ɗayan abu biyu. Wasu suka ce ashe cutar ma ƙarya ce, dabarar cin kuɗi ce kawai. Wasu kuma suka ce ashe rayuwa ita ce waccan, don haka da zarar an sayar da ɗan waken suya ko masara sai a nufi birni a ɗanɗana. Duka biyun kuskure ne, kuma duka biyun azzalumi ne yake cin ribarsu.

YADDA AKA RUFE

Ranar 27 ga Fabrairu 2020 aka tabbatar da mutum na farko mai ɗauke da cutar a Nijeriya, wani Bature ɗan ƙasar Italiya da ya sauka a Legas. A wannan ranar ce kuma Saudiyya ta dakatar da shigar masu Umara daga waje. Ba a jima ba duniya ta ga abin da ba ta saba gani ba: hoton Ɗakin Allah babu masu ɗawafi, sai masu shara da masu feshin magani. Ranar 11 ga Maris Hukumar Lafiya ta Duniya ta ayyana cutar a matsayin annobar da ta game duniya.

Abin mamaki ba ya ƙarewa. A cikin wannan makon ne aka yi bikin kamun kifi na Argungu, bayan ya shafe kusan shekara goma ba a yi shi ba. Dubban mutane suka yi cincirindo a bakin Matan Fada, baƙi suka cika masaukai, shugaban ƙasa na lokacin, marigayi Muhammadu Buhari, ya je da kansa. Bayan kwana kaɗan sai ga umarnin rufe makarantu, sannan ranar 30 ga Maris aka kulle Legas da Ogun da Abuja. Jihohin Arewa, har da Zamfara, suka bi sahu da rufe iyakoki da hana taruka. A Afrilu aka kulle Kano. Azumin shekarar ya zo babu tafsiri a bainar jama'a, babu asham a masallatai da yawa. Da Salla ta zo ba a yi hawa a Kano da Katsina da Zazzau ba.

Gidajen wasa na duniya ma an rufe su. Kamfanin Disney na Amurka, wanda ya fi kowa shahara da irin waɗannan wurare, ya rufe gidansa na birnin Shangai tun 25 ga Janairu 2020, ya rufe na Amurka a tsakiyar Maris. Manyan otal-otal na bakin teku suka zama kufai. Har nan babu mai ƙorafi, domin bala'i ne da ya game kowa.

YADDA AKA BUƊE

Ranar 11 ga Mayu 2020 gidan wasan Disney na Shangai ya buɗe, aka ƙayyade yawan masu shiga, aka sa gwajin zafin jiki a ƙofa, tikitin ranar farko ya ƙare cikin ɗan lokaci. Ranar 7 ga Yuli Dubai ta buɗe ƙofarta ga masu yawon buɗe ido. Ranar 11 ga Yuli aka buɗe babban gidan Disney na jihar Fulorida a Amurka, washegari kuwa jihar ta ba da sanarwar sabbin masu cutar sama da 15,000 a rana ɗaya, adadin da babu jihar da ta taɓa kaiwa a ƙasar kafin nan. Ba a fasa ba. Alhali kuwa a jihar Kalifoniya, cikin ƙasa ɗaya, hukuma ta ƙi yarda a buɗe gidan wannan kamfani sai 30 ga Afrilu 2021. Cuta ɗaya, kamfani ɗaya, ƙasa ɗaya, amma hukunci biyu. Wannan kaɗai ya isa ya nuna wa mai hankali cewa ba likita kaɗai ne yake yanke ranar buɗewa ba, akwai mai lissafin riba da ɗan siyasa a zaune a gefensa.

A ƙarshen wannan watan na Yuli aka yi aikin Hajji. A 2019 alhazai kusan miliyan 2.5 suka tsaya a Arfa. A 2020 'yan tsiraru ne daga mazauna Saudiyya aka bari. A 2021 aka ƙayyade 60,000, su ma mazauna ƙasar. Shekara biyu cur babu maniyyaci ko ɗaya da ya tashi daga Nijeriya. Tsoho ya sayar da shanunsa ya zuba kuɗin kujera, ya yi ta jira, wani har ya koma ga Mahaliccinsa bai ga Ka'aba ba. Taƙaita Hajji saboda tsare rayuka abu ne da shari'a ta yarda da shi, malamai sun yi bayani. Amma tambaya tana nan: in taron ibada yana yaɗa cuta, taron sharholiya maganinta yake yi?

A gida Nijeriya adalci ne a faɗi cewa ba a bar masallatai a baya ba. Wasu jihohin Arewa sun bari an koma Juma'a, an kuma yi Idi tun a watan Mayu, sannan a farkon Yuni 2020 kwamitin da gwamnatin tarayya ta kafa ƙarƙashin Boss Mustapha ya sassauta wa wuraren ibada, ya kuma ba otal-otal damar buɗewa. Ranar 1 ga Yuli aka ɗage hana zirga-zirga tsakanin jihohi. Ranar 8 ga Yuli jiragen sama na cikin gida suka tashi. A farkon Satumba aka ce gidajen wasa da silima su buɗe su ɗauki rabin jama'arsu, jiragen ƙasashen waje kuma suka dawo ranar 5 ga wata. To makarantu fa? In ban da 'yan ajin ƙarshe da suka koma a Agusta don jarrabawa, makarantun sakandare na gwamnatin tarayya sai 12 ga Oktoba. Jami'o'i kuwa, ga kulle ga yajin aikin malamai da ya kai har Disamba, sai a 2021 ɗalibai suka ga aji. A taƙaice dai, lilo ya riga allo buɗewa.

DOKA ƊAYA, MUDU BIYU

Ko a tsakiyar kullen ma dokar ba ta hau kan kowa daidai ba. Hukumar kare haƙƙin ɗan Adam ta ƙasa ta ba da rahoton cewa a mako biyu na farkon kulle jami'an tsaro sun kashe mutum 18, adadin da ya fi na waɗanda cutar kanta ta kashe a ƙasar a lokacin. Gwamnonin Arewa suka shiga kwasar almajirai, yara ƙanana, ana cusa su a manyan motoci ana mayar da su jihohinsu, wai don hana yaɗuwar cuta, alhali cunkoson motar shi kansa hanyar yaɗa ta ne, kuma an samu wasu daga cikinsu da ita bayan sun sauka. Mai sayar da shayi da ɗan acaɓa da ɗan dako, waɗanda sai sun fita suke ci, aka ce su zauna, ba a ce ga abin da za su ci ba. Sai a Oktoba 2020, da jama'a suka fasa rumbuna a Jos da Kaduna da Abuja da wasu garuruwa, aka ga buhunan abincin tallafin korona jibge. Mahukunta suka ce wai shirin rabawa ake yi.

A gefe guda kuma, ranar 13 ga Yuni 2020, lokacin da aka hana jiragen fasinja tashi, aka hana talaka tsallake iyakar jiha ko da gaisuwar mutuwa za shi, sai ga jirgin sama na haya ya ɗauko mawaƙin nan Naira Marley daga Legas ya sauke shi a Abuja, ya yi casu a harabar kantin Jabi Lake. Da surutu ya yi yawa aka rufe kantin na ɗan lokaci, ministan jiragen sama Hadi Sirika ya dakatar da kamfanin jirgin, daga baya aka ci mawaƙin tara. Amma wasa dai an yi shi, an watse. A can Ribas kuma, a watan Mayu, gwamnan lokacin Nyesom Wike ya sa katafila ta rushe otal biyu da ya ce sun saɓa dokar kulle. Wani an rushe masa gini ba tare da kotu ba, wani an kai shi wasa a jirgin sama. Wannan ba doka ba ce, son rai ne.

Kada a manta kuma, ba masu otal da masu gidan wasa ne suka fi jin jiki ba. Mai gadi ne, da mai shara, da kuku, da mai wanki da guga. Kamfanin Disney kaɗai ya ba da sanarwar sallamar ma'aikata 28,000 a Satumba 2020, bayan ya riga ya buɗe yawancin gidajensa. Wato an buɗe ƙofa ga mai biyan kuɗin shiga, an nuna wa ma'aikaci hanyar fita. Haka tsarin jari-hujja yake a ko'ina: in riba ta zo ta mai gida ce, in asara ta zo a raba da yara.

KULLE NA BIYU

Duk wannan somin-taɓi ne a kan abin da ya sami Zamfara. A daidai lokacin da duniya take cire takunkumi tana komawa wuraren shaƙatawa, a nan ne aka sake kulle mutanen wannan jiha, kulle mai tsanani fiye da na korona.

Ranar 26 ga Fabrairu 2021 'yan bindiga suka kwashe ɗalibai mata 279 daga makarantar Jangebe. A farkon Maris gwamnatin tarayya ta hana jirage shawagi a sararin jihar. Ranar 1 ga Satumba aka sake kwashe ɗalibai 73 a Kaya ta ƙasar Maradun, sai gwamnatin Bello Matawalle ta rufe makarantun jihar baki ɗaya. Aka rufe kasuwannin mako, aka hana safarar dabbobi, aka hana sayar da fetur a jarka. Ranar 3 ga Satumba aka ba da umarnin katse layukan waya a duk faɗin jihar. Gusau ta samu nata layin a farkon Oktoba, sauran wurare suka ci gaba da zama cikin duhu har wajen ƙarshen Nuwamba. Mutum yana da mara lafiya ba shi da halin kiran ɗan uwa, an kawo hari ba shi da halin neman agaji, ɗansa na Legas ya turo kuɗi ba shi da halin cira. Makarantu kuwa sai a farkon 2022 aka fara buɗe wasu.

A sa wannan a kan sikeli da abin da yake faruwa a waje a waɗannan kwanaki. Ranar 1 ga Oktoba 2021 aka buɗe babban baje kolin duniya a Dubai, wanda aka ƙirga shiga sama da miliyan 24 kafin a rufe shi a Maris 2022. A cikin watan ne aka buɗe bukukuwan nishaɗi na birnin Riyad. Masu hali daga Nijeriya suka yi ta tashi. Yaron Wanke kuwa, wanda ya rasa watanni na karatu saboda korona a 2020, ya sake rasa wasu saboda bindiga a 2021. Manomin da ya noma ba shi da kasuwar da zai kai, mai akuya ba shi da inda zai sayar ya sayi magani.

An ce an ɗauki waɗannan matakai ne don a toshe wa 'yan bindiga hanyar abinci da mai da labari. To, an toshe? A Afrilu 2023 aka kwashe mutane kusan 80, yawancinsu mata da yara, a Wanzamai ta ƙasar Tsafe. A Nuwamba 2024 kafafen labarai suka ruwaito kwashe mutane masu yawa a yankin Wanke, har da limami. Ranar 5 ga Mayu 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce dokar ta-ɓaci a kan korona ta ƙare. Wa zai fito ya ce dokar ta-ɓacin da ke kan manomin da sai ya biya haraji ga ɗan bindiga kafin ya shuka, ya sake biya kafin ya girbe, ta ƙare?

Abin takaici, Allah bai hana wannan yanki wuraren buɗe ido ba. Ga Dutsen Kwatarkwashi a ƙasar Bunguɗu, wanda duk matafiyin da ya biyo hanyar Funtuwa zuwa Gusau yake hangowa. Ga madatsar ruwa ta Bakolori. Ga dajin Kuyambana da hukuma ta keɓe don namun daji, wanda ya haɗe da gandun Kamuku na Birnin Gwari. Wa ya taɓa jin an shirya wa ɗaliban makaranta ziyara zuwa Kuyambana a waɗannan shekaru? Dajin da aka keɓe don mutane su je su ga ikon Allah, shi ne ya zama inda ake kai mutane a ɗaure. Masu mulki ba su damu ba, domin su Dubai ce dajinsu, Landan ce asibitinsu.

ANNOBA BA ƘARYA BA CE

Duk da haka, rashin adalcin mahukunta ba ya mayar da cuta ƙarya. Wannan shi ne ramin da matasa da yawa suka faɗa. A Afrilu 2020 maƙabartun Kano suka cika da jana'izar dattawa da malamai da manyan ma'aikata, daga baya ministan lafiya ya ce binciken da aka yi a kan mutuwar mutum 979 ya nuna rabi ko fiye suna da alaƙa da korona. Abba Kyari, shugaban ma'aikatan fadar shugaban ƙasa, ita ta yi ajalinsa. A farkon Mayu Sarkin Kiyawan Ƙaura Namoda ya rasu a wurin da aka killace shi a Gusau. Wanda ya ce babu cuta, ya shiga cunkoso ya dawo ya zauna kusa da kakarsa mai ciwon suga, bai cuci gwamna ba, kakarsa ya cuta.

Kuma wanda ya saba da ƙaryata annoba, ranar da tasa ta zo ba zai gane ta ba. Zamfara ta san wannan. A 2010 gubar dalma ta kashe yara sama da 400 a ƙasashen Anka da Bukkuyum. A 2017 sanƙarau ya fi yin ɓarna a wannan jiha. A 2021 amai da gudawa ya kama sama da mutum 100,000 a Nijeriya, ya kashe sama da 3,500, wato fiye da duk waɗanda aka ƙirga korona ta kashe a ƙasar, kuma Zamfara na cikin jihohin da suka fi shan wuya. Ba a rufe filin jirgi ba, ba a kafa kwamitin da zai riƙa jawabi kullum a talabijin ba, domin cutar mai shan ruwan rafi ce, ba ta hawa jirgi ta sauka a otal.

MA'AUNIN MUSULUNCI

Tun kafin Turawa su san ƙwayar cuta, Manzon Allah (SAW) ya hana shiga garin da annoba ta sauka, ya kuma hana na ciki fita don gudu. Ya hana a haɗa mara lafiya da mai lafiya. Ba a keɓe mai dukiya ba, ba a keɓe mai mulki ba.

Wanda aka fara gwada wannan doka a kansa ma shugaba ne. Halifa Umar ɗan Haɗɗabi (RA) ya nufi ƙasar Sham, da ya isa wani wuri da ake kira Sarg sai labari ya zo cewa annoba ta sauka a can. Ya yi shawara da sahabbai, ra'ayi ya rabu, ya yanke a juya. Abu Ubaida (RA) ya nuna kamar hakan gudun ƙaddara ne, sai Halifa ya ba shi misali da makiyayin da ya sauka a kwari mai gefe biyu, ɗaya da ciyawa ɗaya ƙeƙasasshe: duk gefen da ya kora raƙumansa da ƙaddarar Allah ya kora. Sannan Abdurrahman ɗan Aufu (RA) ya zo ya tabbatar da umarnin Annabi (SAW). Wannan annoba ta Amwas ita ta ɗauke Abu Ubaida da Mu'azu ɗan Jabal da dubban Musulmi. Babu wanda ya ce musu ƙarya ce, babu kuma wanda ya ce imaninsu ne ya yi rauni.

Haka nan a shekarar yunwa da ake kira Shekarar Toka, wannan Halifa ya haramta wa kansa man shanu da nama har sai talakawa sun samu, har launin jikinsa ya canza. Wannan shi ne ma'auni: shugaba shi ne na farkon shiga kulle, shi ne na ƙarshen fita. A gwada shi da wanda jama'arsa ke kwana a tasha da kangon makaranta suna gudun hijira, shi kuwa yana hutun ƙarshen shekara a otal ɗin bakin teku. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, wanda ya shafe kimanin shekara biyar yana wa'azi a ƙasar Zamfara, irin wannan hali na sarakunan zamaninsa ya yi ta suka: jin daɗin fada a kan wuyan talaka.

Musulunci bai hana nishaɗi ba. Manzon Allah (SAW) ya yi tsere da Nana A'isha (RA), ya kuma bar mutanen Habasha sun yi wasan masu a masallaci ranar Idi. Yaron talaka ma yana da haƙƙin wasa da dariya. Abin da aka hana shi ne wasan da zai ci salla, ko ya haɗa da baɗala da shaye-shaye, ko ya zama almubazzaranci, ko ya jawo cutar da wani.

ABIN DA YA KAMACI MATASHI

Na farko, ya daina auna kansa da hoton waya. Wanda ya ɗauki hoto a bakin kududdufin otal bai nuna bashin da ya ci ba, bai kuma nuna inda kuɗin ya fito ba. Saurayin da ya sayar da amfanin gonar da aka noma da rai a hannu, ya tafi birni ranar Salla ya ƙarar da kuɗin a ɗakin otal da gidan gala cikin kwana uku, ya dawo babu kuɗin taki, bai huta ba, ya dai ƙara wa kansa da iyayensa wahala. Kuma a yankin da masu kai wa 'yan bindiga labari suka yi yawa, baje kolin abin hannu a Facebook da TikTok kiran bala'i ne.

Na biyu, in annoba ta sake zuwa, kuma za ta zo, ko korona ko amai da gudawa ko sanƙarau, ya riƙe ma'aunin Annabi (SAW), ba ma'aunin masu karya doka ba. Ya guji cunkoson da ba dole ba, ya wanke hannu da sabulu, ya tafasa ruwan sha, ya koyi haɗa ruwan gishiri da sukari, ya gaggauta kai mara lafiya asibiti, ya tambayi masana lafiya na gari game da rigakafi maimakon ɗaukar fatawa a bakin tebur ɗin mai shayi. Don wani babba ya taka doka, ba hujja ba ce gobe ƙiyama ga wanda ya kai wa mahaifiyarsa cuta.

Na uku, ya gina nasa nishaɗin a inda yake. Gasar ƙwallo tsakanin unguwanni, kokawa da langa, musabaƙar karatu, ziyarar 'yan uwa, kai abincin Salla ga 'yan gudun hijira da marasa lafiya a asibiti. Yaron da aka kashe mahaifinsa a gona ba ya bukatar Disney, yana bukatar babban wa da zai riƙe hannunsa ya kai shi fili ya ga ana wasa, ya yi dariya ko sau ɗaya.

Na huɗu, kuma mafi girma, ya san ƙofar da zai nema a buɗe masa. In ɗan siyasa ya zo da alkawarin otal mai tauraro biyar ko wurin shaƙatawa na zamani, a tambaye shi hanyar Gusau zuwa Ɗansadau, a tambaye shi makarantun da aka rufe, a tambaye shi rijiyar burtsatse da ɗakin shan magani, a tambaye shi gonakin da suka koma daji. A tambaya da ladabi, a tambaya a tare, a rubuce, a kuma maimaita, domin mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Gwamnatin da ta iya ƙirga mutum nawa za su shiga silima, ta iya kashe wayar jiha guda cikin kwana ɗaya, ba za ta ce ba ta san hanyar Wanke ba.

An buɗe Shangai, an buɗe Fulorida, an buɗe Dubai, an buɗe Jabi. Mutumin Wanke bai nemi lilo ba. Abin da yake nema shi ne ya ɗauki fartanya da asuba ya tafi gonar da ya gada, ya dawo da yamma ya tarar da iyalinsa yadda ya bar su.

Allah ya yaye wa al'umma annoba ta fili da ta ɓoye, ya kuɓutar da waɗanda ke tsare a daji, ya jiƙan waɗanda suka riga mu gidan gaskiya, ya shiryi masu mulki ko ya musanya su da mafi alheri.